An ce Ghana ƙasar sekula ce, to me ya sa 'yata take sallah a ɓoye a makaranta?

"Assalamu alaikum Loya. Ni uwa ce, a unguwar Asawase ta Kumasi nake zaune, waakye nake sayarwa. Yarinyata ta ci jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta BECE da kyau, kwamfuta ta jefa ta wata babbar makarantar mishan ta kwana. Da ta dawo hutun farko take gaya mani ba a bari su sa mayafi, sallah sai dai a ɓoye bayan ɗakin kwana, ran Lahadi kuma dole kowa ya shiga coci. Ƙanin babanta ya ce ai Ghana ƙasar sekula ce, ba su da ikon yin haka. Wani malami a unguwarmu kuma ya ce sekular nan ita ce ma tushen bala'in, tsarin marasa imani ne. Kaina ya ɗaure. Mece ce sekula, tamu ce ko tasu ce, kuma yaya zan yi da yarinyar nan?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yarinyar ya sa albarka a karatunta. Wannan tambaya taki duk shekara in an gama rabon makarantu sai na ji irinta, wani lokaci a ofis, wani lokaci a ƙofar masallaci bayan Juma'a mutum ya ja ni gefe. Kuma in kin lura abu uku kika ƙulle wuri ɗaya: me kalmar take nufi, me dokar ƙasar nan ta ce, sannan me za ki yi da hannunki kafin a koma makaranta. Zan bi su a hankali, amma tun da wuri in faɗa miki ni lauya ne ba malami ba, maganar halal da haram ta masu ita ce, ni abin da ke rubuce a doka da abin da na gani a aiki shi zan ba ki.

Ƙanin babanta da malam kowa ya kamo gefe ɗaya

Abin da ya sa suka saɓa shi ne kalma ɗaya ce amma ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba. Shi malam, in na fahimce shi, abin da Larabawa ke kira ilmaniyya yake tunawa, kuma ba daga sama ya ɗauko tsoronsa ba. A Turkiyya, Ataturk ya soke halifanci a 1924, aka rufe makarantun addini na da, har kiran sallah aka maida shi da Turkanci tsawon shekaru sai a 1950 aka dawo da Larabci, mata masu ɗankwali suka daɗe ana hana su shiga jami'a. A Faransa kuma sun yi dokar raba coci da gwamnati a 1905 bayan doguwar rigima da cocin Katolika, sai tsarin nasu ya taso da zargin addini a jininsa, shi ya sa a 2004 suka hana ɗalibai sa duk wata alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati, hijabi ne ya fi shan wahalar dokar. Wanda wannan ne abin da ya sani, in ya ce sekula abokiyar gabar addini ce ba za ki ce ya yi ƙarya ba.

Amma ba nan duniya ta tsaya ba. A Amurka tun 1791 suka rubuta cewa gwamnati ba za ta kafa addini ba kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba, kuma da yawa daga masu goyon bayan hakan mutane ne masu riƙo da addini waɗanda suka sha wuya a hannun cocin gwamnati, su kariya suke nema daga hukuma. Indiya ta saka kalmar a kundinta a 1976, amma can gwamnati tana hulɗa da addinai duka, ba janye jiki ta yi ba. Ki dawo kusa da gida. Senegal kusan duka Musulmi ne, ƙasar shehunnan Tijjaniyya da Muridiyya, kundinsu ya ce sekula ce, kuma shugabansu na farko Senghor ɗan Katolika ne, ya yi shekara 20 yana mulki daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunnai. Ita kuwa Ingila da ta mulke mu tana da cocin gwamnati har gobe, sarki ne shugabanta, bishop 26 suna da kujera a majalisar dattawansu. Kin ga kenan in mutum ya ce sekula, abin da ya kamata ki fara tambayarsa shi ne irin ta ina.

Tamu ta Ghana

Ɗauki kundin tsarin mulkin 1992, ki buɗe shafin farko. Kalmar farko da sunan Allah Maɗaukaki aka fara. Shugaban ƙasa in zai yi rantsuwa an ba shi zaɓi, ya rantse da Allah ko ya yi alkawari kawai, kuma da idonmu mun ga Alhaji Aliu Mahama a 2001 da Dakta Bawumia a 2017 sun riƙe Alƙur'ani sun yi rantsuwar mataimakin shugaban ƙasa. A taron gwamnati fasto ya yi addu'a liman ya yi. Ƙasar da ta kori Allah daga harkarta ba haka take ba.

To ina sekulan yake? Yana warwatse ne a sassa da dama. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin yin addinin da ya ga dama da kuma bayyana shi a aikace, ki riƙe wannan kalma ta bayyanawa don ita ce gadon bayan maganar yarinyarki, ba imani a zuci kaɗai aka kare ba. Sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda addini. Sashe na 56 ya ce majalisa ba ta da ikon yin dokar da za ta kafa wata ƙungiya da za ta ɗora wa mutanen Ghana manufa ɗaya ta addini ko ta siyasa. Sashe na 55 ya hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. In kin haɗa su abin da suke cewa shi ne gwamnati ba ta da addinin kanta, amma 'yan ƙasa suna da nasu, kuma aikinta ta tsare wa kowa nasa.

An ma taɓa gwada wannan a Kotun Ƙoli. Lokacin da Shugaba Akufo-Addo ya ɗauko maganar gina babbar cocin ƙasa a Accra, wani ɗan jam'iyyar CPP, James Kwabena Bomfeh, ya kai ƙara cewa gwamnati ta wuce iyaka, kuma ya haɗa har da hannun da take sakawa a harkar Hajji, wannan ɓangaren mutanenmu da yawa ba su sani ba. A farkon 2019 kotu ta kori ƙarar, ta ce eh Ghana ba ta da addinin gwamnati, amma kundin bai hana hukuma taimaka wa addinai ba matuƙar ba ta danne wasu ba. Ni a nawa ganin hukuncin ya bar ƙofa a buɗe da yawa, don mun ga yadda aka rushe gidajen alƙalai a unguwar Ridge ta Accra aka zuba kuɗin jama'a masu yawa a ginin da bai tashi ba, amma ko mun so ko mun ƙi shi ne matsayin doka, kuma da wannan ƙofar ce mu ma ake shirya mana jirgin alhazai.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna miki a zuciya Hajiya, kuma in da hali ki isar wa malam cikin ladabi. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin 100 na mutanen ƙasar nan, Musulmi kusan kashi 20, masu addinin gargajiya kamar kashi 3. In yau aka ce an soke sekula, gwamnati ta ɗauki addini, wanne kike jin za ta ɗauka? Zambiya ta yi hakan, shugabansu Chiluba ya ayyana ta ƙasar Kirista a 1991, daga baya aka saka a kundinsu. Mu da muke ɗaya cikin biyar, wannan rashin addinin na gwamnati shi ne rumfar da muke fakewa a ƙarƙashinta. Wallahi yana ba ni tsoro in na ji ana zaginsa a kan mumbari ba tare da an bambance ba, don wanda ke zaune a ɗakin haya ba shi ne zai fara cire kwanon rufi ba. Malamin da ke Zamfara ko Kano in ya yi wannan wa'azi lissafinsa daban, yawan jama'arsa daban. Mu a Aboabo da Nima lissafinmu ba ɗaya ba ne da nasu, kuma karatun da muke saurara a waya yawanci daga can yake zuwa, sai mu kwashe shi duka har da abin da bai dace da ƙasarmu ba.

Tarihinmu ma ya isa ya koya mana. A shekarun 1950 iyayenmu sun yi jam'iyyar Musulmi, MAP, tana da ƙarfi a zango-zangon Kumasi da Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta yi dokar hana jam'iyyun addini da na yanki, kuma a shekarar ce aka kori Alhaji Amadu Baba, jigo a MAP, daga Kumasi aka kai shi Najeriya. A 1969 dokar korar baƙi ta Busia ta watsa gidaje da yawa a zango, kakata har ta rasu in ta tuna tana share hawaye. A 1989 kuma gwamnatin soja ta PNDC ta dakatar da Shaidun Jehobah da 'yan Momon, aka rufe wuraren ibadarsu na wani lokaci. Ba mu aka taɓa ba a lokacin, amma hannun da ya iya rufe nasu ai ya iya rufe namu. Abin da ya hana hakan yau shi ne wannan kundin.

Kuma ki ga abin da aka samu ta cikinsa ba tare da faɗa ba. Hutun ƙaramar sallah da babbar sallah a zamanin Rawlings aka same su. Sashen kula da makarantun Islamiyya a hukumar ilimi tun 1987 yake, gwamnati ke biyan malaman boko a makarantunmu. Dokar rajistar auren Musulmi tun 1907 tana nan, ko da yake mutanenmu ba sa amfani da ita, mako ɗaya ta bayar a yi rajista bayan ɗaurin aure amma a ɗari da ƙyar ki samu wanda ya yi. Bari in ɗan ratse nan don yana cina. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wurina da jaka cike da takardu, mijinta ya rasu bai bar wasiyya ba, dangi suna cewa a raba gado a Musulunce, ɗansa na wata matar kuma ya ce shi doka zai bi. To doka ta 111 ta 1985 ita ke aiki a kan duk wanda ya mutu ba wasiyya, Musulmi ne ko Kirista, kuma rabonta ba irin na fara'ila ba ne, bayan gida da kayan ɗaki sauran dukiyar kashi 9 cikin 16 na 'ya'ya ne, mace da namiji daidai, kashi 3 na matar. Nan ne mutum zai ce kin gani, sekula ta danne shari'a. Amma dokar wasiyya ta 1971 ta ba shi dama tun yana da rai ya rubuta yadda yake so a raba dukiyarsa, ya sa hannu gaban shaidu biyu, da ya rubuta a bi rabon Musulunci da rigimar ba ta kai haka ba. Ƙofa a buɗe take, mu ne ba ma shiga.

Maganar makaranta

Nan ne wurin da ya fi zafi, kuma adalci shi ne in fara gaya miki hujjar ɗaya ɓangaren yadda su suke faɗinta, don in kin je ita za ki tarar. Suna cewa mu muka gina makarantun nan tun kafin a haifi ƙasar, Wesley Girls tun 1836, Mfantsipim tun 1876, da kuɗin 'yan cocinmu da guminsu, kuma tarbiyyar da ta sa kowa ke rububin kawo ɗansa daga addininmu ta fito, in kun cire ta kun kashe abin da kuka zo nema. Suna ƙarawa da cewa yunifom ɗaya da taro ɗaya shi ke sa ɗan mai kuɗi da ɗan talaka su zama ɗaya. Ni ban raina wannan magana ba, don ni kaina a makarantar mishan na yi karatu, kuma ba zan manta da wani fadan coci ba, tsoho, da ke sa a ajiye mana kenke da kifi a kicin da azumi, da asuba ya zo da tocila yana buga mana taga mu tashi sahur. Mu bakwai ne Musulmi a gidan kwananmu. Bai taɓa ce mana mu bar addininmu ba.

Amma ga inda hujjar tasu take yoyo. Makarantun nan yanzu ba coci ke ɗauke da su ita kaɗai ba. Gwamnati ke biyan albashin malamai, tun 2017 da aka fara karatun sakandare kyauta ita ke ciyarwa, kuma kwamfutar gwamnati ce ke rarraba yara. Kuɗin nan daga ina? Daga harajin da ke kan shinkafa da man da kike saya kullum ki dafa waakye, da tikitin da 'yan kansil ke yankar miki. In makaranta ce mai zaman kanta, coci ta gina ta kuma ita ke biyan komai, kika kai 'yarki da ƙafarki, to maganarsu tana da nauyi sosai. Amma inda kuɗin jama'a ya shiga, kundin jama'a ya biyo shi. Sashe na 28 ma ya fito fili ya ce ba za a hana yaro ilimi don addini ko imani kawai ba. Kuma cewa ta tafi wata makarantar ba amsa ba ce, tunda mafi yawan manyan makarantun da ake ji da su na mishan ne, in aka ce haka an ce wa ɗan zango ya zaɓi tsakanin sallarsa da makomarsa kenan.

Kotu ta taɓa matsowa kusa da wannan. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu yara 'yan Rasta sai sun aske gashinsu, Babbar Kotu a Accra ta ce a karɓe su, dokar makaranta ba ta fi 'yancin addini da na ilimi ƙarfi ba. Mu tuna, ba Musulmi ba ne suka ci wannan shari'a, amma mu ma ta share mana hanya. Sai dai kar in yaudare ki, Achimota ta gwamnati ce zalla ba ta mishan ba, kuma hukuncin Babbar Kotu bai kai na Kotun Ƙoli nauyi ba. A 2021 ɗin dai aka yi rigimar azumi a Wesley Girls, hukumar ilimi ta ba da umarnin a bar yara su yi azumi, cocin Methodist mai makarantar ta fito ta ce ba ta yarda ba. Wannan ya nuna miki umarni a takarda daban, abin da ke faruwa a ɗakin kwana ƙarfe biyar na asuba daban. Sannan 'yancin ma kansa yana da iyaka, sashe na 12 ya ce sai da mutunta haƙƙin wasu da maslahar jama'a, don haka makaranta tana da ikon tsara lokaci da wuri da kalar mayafi. Abin da nake ganin ba ta da iko a kai shi ne ta hana ɗungurungum, ko ta tilasta wa yaro ibadar da ba tasa ba.

Abubuwa ukun da yarinyar ta faɗa ba ƙarfinsu ɗaya ba a wurina. Hana sallah shi ne mafi rauni a hujjarsu, don ba ta cutar da kowa kuma minti biyar ce. Taron safe da ake sanarwa a yi 'yar addu'a, ni ina ba iyaye shawara kar su yi faɗa a kansa, yaro ya tsaya da ladabi ya yi shiru. Amma a sa shi ya durƙusa ya yi waƙar ibada ran Lahadi, wannan tilas ne a addini. Mayafi kuma shi ya fi jan dogon zance saboda maganar yunifom, amma an sha sasantawa a kan ƙaramin mayafi mai kalar kayan makaranta.

Mu ma sai mun duba kanmu

Ba zan ɓoye miki ba, akwai abin da ke raunana mu in mun je neman haƙƙi. Makarantunmu na Islamiyya da gwamnati ke biya, kwamfuta tana jefa 'ya'yan Kirista can su ma. In muka tilasta wa 'yar Kirista abin da ba addininta ba, ko muka hana su ɗan wurin da za su yi addu'arsu ran Lahadi, da wane baki za mu yi magana? An taɓa jefa mani wannan tambayar a wani zaman sulhu, na ji nauyinta har ƙafata. Ma'aunin guda ɗaya ne, abin da kika nema wa taki ki yarda a ba tasu. Haka in sarakunan Ga suka sa dokar hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, masu coci da masu lasifika suka yi ta ƙorafi, su ma masu gargajiya 'yan ƙasa ne, kaso ukun nan ba a banza suke ba.

Ki dubi Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu. A 2019 da ya cika shekara 100 ya taka ya je cocin Katolika ta Christ the King a Accra lokacin Ista ya zauna da su. Wasu sun yi surutu, amma irin wannan ne ya sa in ya buɗe baki a kan haƙƙin Musulmi ake saurarensa har a fadar shugaban ƙasa. Nan Kumasi ma zaman da ke tsakanin zango da Manhyia, fadar sarkin Ashanti, ba yau aka fara ba.

Abu na biyu da ke damuna ya fi wannan. Mun saba karɓar alfarma a madadin haƙƙi. Azumi ya zo a kawo buhun shinkafa da sukari, lokacin Hajji a raba wa manya kujeru, zaɓe ya matso a yi wa masallaci fenti, sai mu yi ta godiya. Wanda ya karɓi kujera bakinsa ya mutu, ranar da za a yi maganar yara mata a makaranta ba za ki ji shi ba. Alfarma tana tafiya da wanda ya ba da ita in ya faɗi zaɓe, abin da ke rubuce a doka kuwa yana nan ko wa ya hau. Da ƙarfin da muke sawa wajen neman kujerar Makka mun sa rabinsa wajen neman a rubuta ƙa'ida ɗaya mai ɗaure duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnati, ta mishan da ta Islamiyya, da ba ki rubuto mani wannan wasiƙar ba.

Abin da za ki yi

Kar ki fara da rediyo ko Facebook, kuma kar ki fara da kotu. Yarinyar ce za ta kwana a can shekara uku, ba ni ba, ba ƙanin babanta ba. Ki zaunar da ita ki tambaye ta a natse: wa ya hana, shugabar makaranta ce, ko uwar ɗakin kwana, ko wata babbar ɗaliba ce ke nuna iko? Sau da yawa in na bincika sai in tarar ba a rubuce dokar take ba, al'ada ce kawai da wani ya gada. Ki nemo littafin dokokin makaranta da duk takardar da kuka sa wa hannu ranar shiga. Sannan ki nemi iyayen sauran yaran Musulmi, ko mutum biyar ne, don uwa ɗaya ana iya sallamarta da murmushi, biyar sai an ba su kujera. In akwai malami Musulmi a cikin ma'aikata ku jawo shi, ku kuma tuntuɓi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA.

Ku rubuta takarda gajera mai ladabi, ku fara da godiya, ku roƙi abu ƙayyadadde: ɗaki ɗaya na sallah, izinin sahur da buɗa baki, wurin zama ran Lahadi lokacin coci ƙarƙashin kulawar malami, da ƙaramin mayafi kalar yunifom. Ku ajiye kwafi. Na taɓa raka wasu iyaye irin wannan zama, shugabar ta shigo fuska a ɗaure tana jiran faɗa, sai wani dattijo cikinmu ya fara da cewa mun zo gode miki ne don 'ya'yanmu sun ƙara hankali a hannunki. Kafin mu tashi ta sa an buɗe wani tsohon sito da ake tara karyayyun kujeru, yaran da kansu suka share shi, muka kawo tabarmi shida da butoci. Mayafi ba mu samu ba a ranar, sai bayan shekara guda. Ba kullum ake dacewa haka ba, akwai inda muka fito hannu rabbana.

In sun ƙi, sai ku hau sama, ofishin ilimi na gunduma, sannan na yanki a nan Kumasi. Akwai Majalisar Zaman Lafiya ta ƙasa da aka kafa da doka a 2011, tana da reshe a yankin Ashanti kuma ta saba shiga irin wannan tsakanin coci da Musulmi. Akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, kai ƙorafi wurinsu kyauta ne ba sai da lauya ba. Kotu ita ce ta ƙarshe, sashe na 33 ya ba ki damar zuwa Babbar Kotu in an taɓa haƙƙinki, amma shari'a tana cin lokaci da kuɗi, wani lokaci yaro ya gama makarantar ba a yanke hukunci ba, kuma ba lauyan kirki da zai yi miki alkawarin nasara. Cire ta daga makarantar kuwa ni ba na so ki yi saurin yinsa, sai in kin ga abin ya fara taɓa lafiyarta ko hankalinta, don mun daɗe muna janye 'ya'yanmu daga boko saboda tsoron nan kuma mun ga abin da ya jawo mana a zango.

Maganar yadda za ta yi da sallolin da lokacinsu ke kuɓuce mata kafin a daidaita, wannan ki kai wa malami mai fiƙihu da sanin halin makarantun kwana, shi zai ba ta mafita. Ni kuma ki sa ƙanin baban nata ya ɗauki hoton littafin dokokin da takardar da kuka sa wa hannu ya turo mani, in duba ko akwai inda aka rubuta hanin, sai in taya ku tsara wasiƙar kafin hutu ya ƙare.